Ƙara wa Mota Ƙarfin Birki: Shin Yana Rage Nisan Tsayawa?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kudu ta Jebba da Ilori da Ogbomosho da Oyo, ya san cewa Akinyele ita ce ƙofar shiga Ibadan daga Arewa. A nan ne Kara take, wato kasuwar da ake sauke shanu da awaki da tumakin da aka ɗauko daga Arewa. Daga Akinyele sai Moniya, sai Sasa inda Hausawa suka daɗe suna cinikin kayan gwari, sai Ojoo, sannan a nausa cikin gari har a kai Sabo da ke gefen tudun Mokola, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun shekarar 1916. Fataucin shanu da goro ne ya kafa Sabo. A da, da ƙafa ake koro dabbobin ko kuma a zubo su a jirgin ƙasa, amma a yau kusan komai a kan taya yake tafiya. Ke nan ran direba da na yaron mota da na fatake, da dukiyar da suka ɗauko, duk sun rataya ne a kan abu guda idan aka yi kiciɓis da wani abu a kan hanya, wato ko motar za ta tsaya ko ba za ta tsaya ba.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji direba ya shiga gareji yana cewa, "Oga, a sa mini birki mai ƙarfi, wanda da na taɓa sai ta kafe." Wani babban faifai yake so a sa masa, wani a ciro masa kayan birkin wata motar da ta fi tasa girma a ɗaura. Wannan maƙala za ta duba tambaya ɗaya ce: idan aka ƙara wa mota ƙarfin birki, shin nisan da take ci kafin ta tsaya yana raguwa? Amsar a taƙaice ita ce, wani lokaci yana raguwa, amma sau da yawa ba ya raguwa. Dalili kuwa shi ne, birki taya yake tsayarwa, ita kuma taya ita ke tsayar da mota. Ga bayanin dalla-dalla.

Yadda Birki Yake Aiki

A ƙananan motoci da bas-bas, idan direba ya taka birki, ƙafarsa tana tura wani ɗan famfo da makanikai ke kira masta. Shi kuma sai ya tura man birki ta cikin siraran bututai zuwa ƙafafun motar guda huɗu. Da yake mai ba ya matsuwa, duk ƙarfin da aka sa a sama haka yake isa ƙasa. A kowace ƙafa, man yana tura abin da zai goga da ƙarfen da ke juyawa tare da taya.

Wannan guga iri biyu ce. Akwai birkin ganga, wanda ake kira duram, inda takalman birki ke buɗewa su dafe cikin wata ganga ta ƙarfe. Akwai kuma birkin faifai, wato diski, inda wani abu mai kama da awartaki, da ake kira kalifa, ke matse faifan da fad guda biyu, ɗaya ta kowane gefe. Yawancin motocin da ke bin hanyoyinmu faifai ne a gaba, a baya kuma ganga ko faifai. Da zarar an taka birki, nauyin mota yana rinjaya gaba, shi ya sa ƙafafun gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin, kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, birki ba ya halaka ƙarfin gudu, sai dai ya mayar da shi zafi. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 a awa, idan ta tsaya cak, zafin da birkinta zai fitar cikin kamar daƙiƙa 4 ya kusa isa ya tafasa ruwa lita 2. Tirela mai tan 40 kuwa, ko da gudun kilomita 60 kacal take yi, zafin da za ta fitar ya kusa ninka wancan sau 10. Za mu dawo kan wannan batu na zafi, domin a nan ne amfanin babban birki yake.

Nisan Tsayawa Kashi Biyu Ne

Daga lokacin da saniya ta faɗo kan titi zuwa lokacin da mota ta tsaya, tafiya biyu ake yi. Ta farko ita ce wadda mota ke yi kafin ƙafar direba ta kai ga birki. Ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta tashi daga totur ta koma kan birki. Wannan yakan ɗauki daƙiƙa 1 zuwa 1 da rabi ga direban da hankalinsa ke kan hanya. A gudun kilomita 100, mota tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Wato kafin birki ya fara aiki, an riga an ci mita 28 zuwa 42. Babu wani birki a duniya da zai rage ko taku ɗaya daga wannan. Direban da ya kwana yana tuƙi tun daga Mokwa kuwa, nasa jinkirin ya fi haka.

Tafiya ta biyu ita ce daga taka birki zuwa tsayawa. Idan aka yi lissafi da busasshiyar kwalta mai kyau da taya mai lafiya, ga kimanin abin da ake samu:

Gudun kilomita 50 a awa: mita 14.
Gudun kilomita 80 a awa: mita 36.
Gudun kilomita 100 a awa: mita 56.
Gudun kilomita 120 a awa: mita 81.

A lura da kyau. Daga 50 zuwa 100 gudu ya ninka sau 2 ne kawai, amma nisa ya ninka sau 4. Haka ƙa'idar take kullum. Ga wani misali da zai ƙara fito da ita fili. A ce motoci biyu suna jere, ɗaya tana gudun 100, ɗaya tana 120, sai suka taka birki a wuri ɗaya. A daidai inda ta farko ta tsaya cik, ta biyun tana nan tana gudun da ya haura kilomita 60. Bambancin 20 da direba ke rainawa a kan agogon mota, shi ne bambanci tsakanin tsayawa a gaban saniya da kuma afka mata.

Taya Ce Ke Riƙe da Ƙasa

Mota ba ta taɓa ƙasa sai ta wurare huɗu, kowane kuwa bai wuce tafin hannu ba. Duk ƙarfin tsayawa ta nan yake bi. Ita taya tana da iyakar riƙon da za ta iya yi wa kwalta. Idan birki ya matse fiye da wannan iyaka, sai taya ta daina juyawa ta fara sulɓi, a ji ƙara, a ga baƙin zane a kan titi. Tayar da ke sulɓi ba ta kai mai juyawa riƙo ba, kuma ba ta jin sitiyari.

To, ga inda gizo ke saƙar. Birkin da kamfani ya sa wa ƙaramar mota, muddin yana da lafiya kuma ba a yi wa motar lodin wuce kima ba, yana da ƙarfin da zai kafe tayoyin. Wato ya riga ya fi ƙarfin riƙon taya. Idan aka ƙara masa girma, abin da zai faru shi ne tayar za ta kafe da ɗan taɓi kaɗan. Direba zai ji daɗi a ƙafarsa, ya ce birki ya yi kaifi, amma da za a auna da tef, inda motar ke tsayawa jiya, nan za ta tsaya yau. Mutumin da ke gudu a kan santsi, ba ƙarfin cinya ne ya gaza masa ba, takalmi ne.

Abin da ke sauya nisa da gaske shi ne riƙo. Idan aka yi ruwan sama, kamar yadda ake yi a Ibadan wata da watanni, motar nan da ke tsayawa a mita 56 tana iya kaiwa kusan mita 100. Idan taya ta suɗe, abin ya fi haka muni, domin zanen da ke jikinta shi ne magudanar da ke fitar da ruwa daga ƙarƙashinta. Ƙa'idar da aka sani a ƙasashe da dama ita ce kada zurfin zanen ya gaza milimita 1.6. Tsufa ma yana busar da roba ko da zanen bai ƙare ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin cewa tayar da ta wuce shekara 4 da yi ta fita daga aminci. Wanda ya sayi babban faifai ya ɗora a kan tsofaffin tayoyin gwanjo, ya yi gini ne a kan toka.

Na'urar ABS ma a kan wannan ƙa'ida take aiki. Kamfanin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus ne suka fito da irinta ta zamani a shekarar 1978. Aikinta shi ne ta riƙa saki tana kamawa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, don kada taya ta kafe. Babban amfaninta shi ne direba zai iya karkatar da mota yana kan taka birki. A kan kwalta, musamman jiƙaƙƙiya, takan rage nisa, amma a kan tsakuwa ko rairayi tana iya ƙara shi. Idan ta kama, za a ji feda tana rawa a ƙarƙashin ƙafa. Wannan ba matsala ba ce, a ci gaba da dannawa. Matsala ita ce fitilar ABS ta kama a gaban direba, maimakon a gyara, sai a cire ƙwan fitilar.

Inda Babban Birki Yake da Amfani

Kada mai karatu ya ɗauka ƙara girman birki aikin banza ne. Yana da amfani, sai dai ba a tsayawar farko ba, a ta biyar ne da ta goma. Dalili shi ne zafin da muka ambata a baya. Idan ana taka birki a kai a kai, ko aka ɗora ƙafa a kansa a doguwar gangara, zafi yana taruwa fiye da yadda iska ke kwashe shi. Daga nan abu uku kan faru. Na ɗaya, fad ya yi zafi har ya daina kamawa, a ji wari kamar na ƙonewa, feda tana da tauri amma mota ba ta tsayawa. Na biyu, man birki ya tafasa ya yi tururi, shi kuwa tururi yana matsuwa, sai feda ta tafi ƙasa salalam. Na uku, a birkin ganga, ƙarfen ya buɗe saboda zafi ya yi nesa da takalman. Wannan shi ne abin da direbobi ke cewa birki ya shanye.

Babban faifai yana da ƙarfe mai yawa da zai haɗiye zafi, yana da faɗin da zai saki zafin, musamman irin mai ramukan iska a tsakiya. Fad mai inganci kuma yana jure zafin da na araha ba zai jure ba. Tarihin birkin faifai kansa shaida ne. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Frederick Lanchester ya yi rajistar fasahar tun 1902, amma ba ta yi suna ba sai a 1953, lokacin da motar Jaguar mai birkin faifai ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Abin da ya taimake ta shi ne birkinta yana jure taka bayan taka dare da rana ba tare da ya shanye ba. Shekara biyu bayan haka, a 1955, motar Citroën DS ta fito da shi a kasuwa.

Saboda haka wanda ke jigilar fasinja ko kaya, yana hawa da sauka a tuddan Ibadan, yana tsayawa a kowace mararraba daga Ojoo zuwa Mokola, zai ga amfanin fad mai kyau da faifai mai kauri. Haka kuma idan birki ya lalace har ba ya iya kafe taya, gyara shi zai rage nisa nan take. Amma wannan gyara ne, mayar da abu yadda kamfani ya yi shi.

Man Birki: Gyara Mai Araha

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne abin da ya fi araha. Man birki yana shan danshi daga iska a hankali, ruwan kuma yana rage jurewarsa ga zafi. Sabon mai mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, amma idan ya sha ruwa yakan sauko zuwa 140. Mai lamba DOT 4 yana kaiwa 230 yana sabo, 155 idan ya sha ruwa. Shi ya sa kamfanonin mota da yawa ke cewa a zubar da shi gaba ɗaya a sa sabo duk shekara 2, ba ciko kawai ba. A wuri mai laima kamar Kudu, wannan shawara ta fi muhimmanci. A kula, mai lamba DOT 5 wani iri ne daban, ba a gauraya shi da sauran. Dabarar zuba ruwan sabulu idan mai ya ƙare a hanya kuwa, ganganci ne, domin ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma yana sa tsatsa.

Haɗarin Ƙarin da Ba a Lissafa Ba

Injiniyoyin da suka ƙera mota sun raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya da lissafi. Idan aka ƙara wa gaba kaɗai ƙarfi, tayoyin gaba za su kafe tun na baya ba su yi nasu aikin ba, sai nisa ya ƙaru maimakon ya ragu. Idan baya ne ya yi yawa, abin ya fi haɗari, domin da tayoyin baya sun riga na gaba kafewa, sai motar ta juya. Haka kuma babban kalifa yana buƙatar mai fiye da yadda ƙaramin masta zai iya turawa, sai feda ta yi nisa. Sanya manyan tayoyi da suka fi na asali tsayi don ado shi ma yana rage wa birki ƙarfi.

Akwai kuma wani ƙari da ya zama ruwan dare a tsakanin masu ɗaukar kaya, wato ƙara wa mota sifirin don ta ɗauki lodin da ya fi nata. Sifirin zai hana ta durƙushewa, amma birki yana nan yadda yake. Idan nauyi ya ninka, zafin da birki zai sha ma ya ninka, kuma a nan ne ake kaiwa inda birki ke kasa kafe taya, wato shi ne ya zama mai rauni, ba tayar ba.

Manyan Motoci

Tirela da tanka da gingimari ba da mai suke aiki ba, da iska ne, fasahar da George Westinghouse na Amurka ya fito da ita don jiragen ƙasa a 1869. Inji yana tara iska a tankuna, kowane taki yana cin wani kaso. Direban da ke ta famfa birki a gangara yana iya cinye iskar fiye da yadda inji ke mayarwa. Wanda ya saki mota a firi don tsimin mai ya yi asara biyu: ya rasa riƙon inji, kuma iska ba ta taruwa da sauri. Toshe layin wata ƙafa da ke yoyo maimakon a gyara yana jibga wa sauran ƙafafun aikin da ya fi ƙarfinsu. Ga kuma kayan da ke motsi. Shanu suna zamewa gaba idan aka taka birki da ƙarfi, man da ke cikin tanka ma yana tunkuɗowa. Maganin gangara ga babbar mota shi ne a sa ƙaramar giya tun kafin a fara sauka, a bar inji ya riƙe, a ajiye birki don ranarsa.

Yankin Ibadan ya ga abin da ke faruwa idan aka rasa wannan. A ranar 5 ga Nuwamba 2000, wata tankar fetur ta tarar da layin motocin da cunkoso ya tsayar a kan hanyar Ife zuwa Ibadan, birki ya ƙi kamawa, ta afka musu, wuta ta tashi. An ƙiyasta cewa mutum 100 zuwa 200 suka rasu. A ranar 28 ga Yuni 2018 ma, wata tankar ta kama da wuta a gadar Otedola da ke bakin hanyar Legas zuwa Ibadan, motoci fiye da 50 suka ƙone, aka kuma danganta abin da matsalar birki. Tun kafin waɗannan, yawan haɗurra ya sa Jihar Oyo ta kafa rundunar kiyaye haɗurra tata a 1977, kafin a kafa ta ƙasa baki ɗaya a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Ƙa'idar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 a babban titi mai hannu biyu, bas da tasi 90, tirela da tanka kuwa 60. Wanda ya duba lissafin da muka kawo a sama zai gane cewa ba don a takura wa kowa aka sa waɗannan lambobi ba.

Kammalawa

Idan mai mota yana da kuɗin da zai kashe don motarsa ta riƙa tsayawa da wuri, ga yadda ya kamata ya jera su. Ya fara da tayoyi huɗu masu lafiya, da iskar da kamfani ya rubuta. Sai ya mayar da birkin asali yadda yake: sabon mai, a fitar da iskar da ke cikin layi, fad mai inganci, a sauya faifan da ya sirance da bututun da ya tsattsage, a gyara ABS. Sai shokozoba, domin tayar da ke tsalle ba ta riƙe ƙasa. Bayan duk wannan ne, idan aikin motar na lodi da gangara ne kuma birki yana shanyewa, sai a yi maganar ƙarin girma, shi ma a wurin bakaniken da ya san daidaita gaba da baya.

Sauran abubuwa uku kuwa kyauta ne: rage gudu, rage lodi, da barin tazara tsakaninka da na gaba. Direban da ya sauko daga 100 zuwa 80 ya rage wa kansa mita 20 na birki ba tare da ya biya ko kwabo ba, ribar da babu wani faifai a kasuwa da zai ba shi. Masu iya magana dai sun ce rigakafi ya fi magani, kuma tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah Ya kai kowa gida lafiya.